Kada a Yanka Alƙali

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida, samarin unguwa suka jingine kekunansu a katangata suna hira, sai na ji ɗayansu yana gaya wa sauran wai sana'ar da tsohon nan ya yi a ƙuruciya gudu ne. Suka kwashe da dariya. Wani ya ce ai gudu ko akuya ta iya, kuma ba wanda ya koya mata. Ban tanka ba, don haƙorana sun yi ƙaranci, in na yi magana cikin fushi yawu ke riga kalma fita. Amma abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka ku zauna in ba ku labarin wani takarkari, wato san ɗaukar kaya, na Bungudu mai suna Alƙali, wanda aka kayar aka ɗaure, mahauci ya ɗora masa wuƙa a wuya, ba abin da ya rage tsakaninsa da tukunya sai numfashinmu.

Mu 'yan gudun damina ne. A wancan zamanin Turawa sun riga sun zo, amma jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, keke kuwa sai dai labari. Da rani ba mai nemanmu, ga doki ga jaki. In ruwa ya sauka sosai hanyar Tsafe zuwa Gusau zuwa Bungudu sai ta koma taɓo, ƙoramu su cika, doki ya nutse har ciki yana kallon mai shi. To a nan ake tuna da mu. Saƙo a baki muke ɗaukarsa, don takarda ba ta jure ruwa, kuma yawancin masu aikenmu ba su da abin rubutawa sai abin faɗa. Muna da mutum a Tsafe, muna da wani a tsakiyar hanya, sauranmu a Gusau, kowa ya kai wa na gaba.

Ranar da babana ya kai ni wurin Baba Nomau, shugaban 'yan gudu, na je ina taƙama, don a unguwarmu ba yaron da ke kamo ni. Baba Nomau ɗan siririn tsoho ne, ƙafafunsa kamar karan dawa, ga yawan magana. Ya nuna mini wata tsamiya can nesa ya ce in je in taɓo ta in dawo. Na fyalla, na dawo kafin ya gama ɓare goronsa, na tsaya ina jiran yabo. Sai ya tambaye ni sunan kakata ta wajen uwa. Na buɗe baki, iska kawai ke shiga tana fita. Matar da ta goye ni, na kasa kiran sunanta.

Ya ce wa babana, “Ɗan ga naka ya tahi, amma bai dawo ba tukuna. Bari mu jira shi.”

Suka ci gaba da hirarsu ina tsaye a gabansu ina haki. Daga ranar na san dokar gidan: ba a gudun da ya fi ƙarfin magana. Tun da na rage sauri kuwa sai na rage shi da yawa, har aka sa mini suna Audu Na-Baya, kuma ban taɓa ba sunan kunya ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai warki, don wando in ya sha laka ya fi mai shi nauyi. Akwai kabido, wato rufin kaba da ake kifawa a kai ya sauko har gadon baya saboda ruwa. Akwai sandar gora ta gwada zurfin taɓo, da matsefata a wuya ta cire ƙaya, da man kaɗe na shafa wa tsakanin yatsu kada su ruɓe. Takalmi a rataye yake tafiya, sai an kusa shiga gari a sa shi don mutunci. Guzuri dakuwa ce da ƙuli-ƙuli, kuma Baba ya hana cin ƙuli-ƙuli da saƙo a baki tun ranar da wani ya shaƙe a gaban mai unguwar Mada. Sai babbar gora ta duma, wadda ake rungumewa a ƙirji a ƙetare ƙorama.

Ku da kuke ganin abin da sauƙi, ku tambayi kanku yaushe ake koyon gudu cikin laka. In ka jira damina, aiki ya riga ya zo, ba mai ba ka saƙon mutuwa ya ce ka je ka gwada. Dole a koya da bazara, lokacin da babu laka ko ta ginin tukunya. Wannan shi ne abin da ya sa mutanen Gusau suka ɗauke mu mahaukata.

Da sassafe, kafin yashi ya yi zafi, Baba Nomau zai tara mu a tsakiyar gulbi, wanda a lokacin ya bushe ƙarƙaf. Kowa da warkinsa, kowa da kabidonsa a kai, sararin sama kuwa ko gajimare ɗaya babu. Mu yi layi biyu-biyu muna gudu cikin yashi, ana ɗaga gwiwa sama, don yashi mai zurfi shi ne ɗan uwan laka wajen riƙe ƙafa. In muka kai inda Baba ya ja layi da sanda, sai ya ce nan ƙorama ce, ta kawo. Ƙarti masu gemu mu kwanta rub-da-ciki a kan gora muna iyo a busasshiyar ƙasa. Matan da ke haƙa yashi suna ɗiban ruwa sukan ajiye tulu su zauna musamman don kallo. Wata tsohuwa kullum sai ta yi mana addu'ar Allah ya fitar da mu lafiya, kada ruwa ya ci mu.

Duk wannan ana yinsa ne da magana a baki. Na dama ya faɗi saƙo, na hagu ya maimaita, ana gudu. In ka ji abokinka ya fara cinye ƙarshen kalma, ka ja masa kabido ya rage. Haka ake miƙa saƙo a hanya ma: wanda ya gaji ba ya tsayawa, sabon ya shiga gefensa su yi ta tafiya tare har sai ya maimaita daidai sannan a sake shi. Mutum ɗaya ba ya koyon wannan shi kaɗai, don ba wanda zai gaya masa ya fara shirme. Kuma gaskiya, ba don kunyar 'yan uwa ba, ba mai hankalin da zai bar tabarmarsa ya je iyo a yashi. Ni da kaina sau da yawa abin da ya fitar da ni shi ne sanin in ban je ba za su biyo ta ƙofar gidanmu a guje suna rera sunana.

Abu na ƙarshe kafin a tashi shi ne kiran ƙetare. In gulbi ya cika yana ruri, muryar mutum ɗaya ba ta kai ɗaya gaɓar. Sai Baba ya raba mu biyu, wasu nan wasu can, yana buga gora da sanda, kowane bugu kalma ɗaya, mu faɗe ta tare da dukan ƙarfinmu. Matsalar ita ce gari na jin mu. Wata rana Baba ya ƙago saƙon gwaji wai matar liman ta haifi 'yan biyu. Kafin hantsi gidan liman ya cika da mata 'yan barka, matar kuwa ta ba sittin baya. Liman ya aiko a gaya wa Baba in zai sake ba shi 'ya'ya, ya haɗo da ragon suna.

Masu aikenmu iri-iri ne. Wani Bafulatani ya taɓa tare ni a bayan Gusau saniyarsa ta ɓata, ya ba ni saƙo zuwa ga ƙanensa. Gaisuwa kaɗai ta ɗauki rabin saƙon, sauran rabin kamannin saniyar ne, har da na uwarta da na kakarta. Na kai shi cif, ƙanen ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna mini saniyar tana kwance a bayansa. Wata dattijuwa kuma a Wanke ta aike ni wurin maƙwabcin gonarta da awakinsa suka cinye mata wake. Dokar Baba ita ce ba a ƙara wa saƙo, ba a rage masa, yadda aka ba ka haka za ka sauke. Har tsaki muke kaiwa. Na isa na yi sallama, na gaishe shi da ladabi, na zazzage masa zagin tas, na rufe da tsaki mai tsawo kamar yadda ta yi. Ya ba ni amsa da ƙotar fartanya. Da na koma ta tambaye ni me ya ce, sai na tsaya ina tunanin ko doka ta ce in sauke mata yadda aka ba ni.

A cikinmu akwai Barau, wanda ake kira Barewa. Ban taɓa ganin mai gudu irinsa ba, kuma har yau ban gani ba. In ya tashi, lakar da ya taka ba ta sanin an taka ta sai ya wuce. Ina jin haushinsa, ina kuma sha'awarsa, duka biyun a lokaci guda. Shi dai gudun hira ya ishe shi. A layi duk wanda aka haɗa shi da shi sai ya bar shi a baya yana faɗa wa iska saƙo. Yakan ce an haɗa doki da jakuna, kuma in ya ce jakuna ni yake kallo.

Sai ga muguwar shekara. Mun yi bazararmu cikin yashi kamar kullum, muka shafa man kaɗe muka zauna jiran laka, laka ba ta zo ba. Ruwa ya yi yayyafi ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Hanya ta bushe, doki na zuwa Tsafe ya dawo da ƙura a kofato, ba mai aikenmu. Daga baya ma ba saƙon da ya rage sai na mutuwa, shi kuwa yana isa da kansa. Barewa ya ce ga amfanin iyo a yashi nan mun gani, ya ajiye kabidonsa ya fita daga cikinmu, ya ce daga yau shi kaɗai zai riƙa gudunsa.

Baba Nomau bai sallame mu ba. Da bazarar yunwa ta zo, ba mai ƙarfin gudu, sai ya ce a zo a yi tafiya. Da tafiyar ta gagara, ya ce a zo a zauna. Mukan zauna a layi cikin gulbi da kabido a kai muna miƙa wa juna saƙo a hankali, kuma duk saƙon na abinci ne. Na farko ya ce a gaya wa Audu tuwo ya nuna, kafin ya iso kaina an sa masa miyar kuka da man shanu da ƙashin rago. Kiran ƙetare kam an daina, don Baba ya ce in gari ya ji an ambaci tuwo da ƙarfi za a tattake mu. Abin dariya ne, amma duk wanda bai zo layi ba a ranar za mu je gidansa mu duba, kuma mutum biyu da haka aka same su da sauran rai.

Abin da ya fitar da mu shekarar nan Alƙali ne. Takarkarin Malam Jatau ne, wani dattijo na Bungudu. An sa masa sunan ne don ba ya gaggawa, kuma kowace magana aka kawo gabansa sai ya kwanta ya tuƙa ta tukuna. Lokacin da kowa ke yanka dabbarsa, Malam Jatau ya kware jinkar ɗakinsa ya ba Alƙali ya ci, shi ya kwana a fili. Da wannan sa ya riƙa zuwa kudu yana ɗauko dawa, in ya biyo ta Gusau sai ya tsaya a gulbi ya zuba mana a kabido, wai ladan dariyar da muke ba shi. Ba wani cikinmu da bai ci daga bayan Alƙali ba, har Barewa, don Baba yakan aika masa da nasa.

Damina ta gaba ruwa ya zo kamar yana biyan ta bara. Malam Jatau ya je Tsafe gaida 'yarsa Tumba, ya bar Alƙali a gida saboda taɓo. Can zazzaɓi ya kama shi, da safe aka tashe shi bai tashi ba, aka taɓa aka ce ya cika. Saƙon ya bi layinmu, ni na kai zangon ƙarshe, na faɗa wa babban ɗansa Ɗanladi ina hawaye. Aka yi salati aka yi kuka. Kafin in gama shan furar da aka ba ni, na ji 'ya'yan sun fara jayayya a kan wanda zai riƙe takarkarin. Su huɗu ne, sa kuwa ba ya rabuwa huɗu sai da wuƙa. Ɗanladi ya yanke magana: gobe bayan la'asar a kai shi bakin gulbi inda mahauta ke yanka, a ciyar da masu ta'aziyya. Na koma Gusau raina a ɓace.

A Tsafe kuwa ruwa bai bari an yi jana'iza ba, ana haƙa kabari yana cika, aka ce a bari sai safiya. Da asuba mamaci ya yi atishawa, ya nemi kunu. Ashe doguwar suma ce. Da aka gaya masa an riga an aika Bungudu, bai tambayi 'ya'yansa ba, don ya san su. Ya ce a nemo mai gudu maza, a ce kada a yanka Alƙali, ya tashi. Barewa na Tsafe a lokacin, Tumba ta ce wa zai kai shi sauri, aka ba shi saƙon ya fyalla. Mutuminmu na can, Mamman Gajere, yana gona, bai ji ba sai da hantsi. Ba wanda ya aike shi, shi ya aiki kansa.

Bayan azahar muna zaune a rumfar Baba sai ga Barewa ya wuce ta gabanmu, laka har gira, idanu sun fito. Baba ya ɗaga murya ya tambaye shi lafiya, ya ɗaga mana hannu kawai. Baba ya ce wannan ko sunan kakarsa ba zai iya faɗa ba. Ba a jima ba sai ga namu na tsakiyar hanya ya iso da saƙon da Mamman ya miƙa masa, yana gudu yana faɗa. Baba ya miƙe ya ɗauki gorarsa da sandarsa.

Ya ce, “Wanga ba na mutum guda ba ne. Dut wanda ya ci dawar san nan shi tashi.”

Muka fita gaba ɗayanmu har da shi, biyu-biyu, muna maimaitawa da ƙarfi. Ku yi tunanin ƙauyawan da ke gona suna ganin ƙarti a guje suna cewa kada a yanka Alƙali. Wani ya jefar da fartanya ya biyo mu yana tambaya me alƙalin ya yi.

Abin da ya faru a mashigin Bungudu kafin mu iso, daga baya aka ba ni labari. Gulbi ya cika yana ruri. Masu fito suna ƙetarar da mutane da manyan gorunansu, wasu fatake Kanawa suna cikin ruwa har ƙugu suna jiran a ɗauki kayansu. Barewa ya iso gaɓa, ya hango Alƙali a ƙetare an ja shi gindin wata bishiya, mahauci na wasa wuƙa. Ya tattara abin da ya rage masa na numfashi, ya isa kalma ɗaya tak.

“Kada!”

Mu nan dabbar ruwan nan kado muke ce mata, da Zamfarawa ne kaɗai a wurin da sun tsaya jin sauran maganar. Amma ga Bakano kada kada ne. Fataken suka watsar da kaya suka yo tudu suna ihu, masu fito suka ga Kanawa na gudu su ma suka bar ruwa, na ƙetare suka ɗauki ihun. Aka taru a kan Barewa, wanda ya riga ya zube, ana tambayarsa ina ya gan shi. Shi kuma sai ya nuna wajen Alƙali ya sake cewa kada. Aka ce to yana can gaɓar. A can kuwa wani tsohon masunci ya ce ba a kama irin wannan sai da ɗanyen huhu a ƙugiya, a yi maza a kayar da san nan tun kafin la'asar. Gudun Barewa bai ƙara wa Alƙali komai ba sai kusantar wuƙa.

Haka muka tarar da wurin. An kayar da Alƙali an ɗaure ƙafafunsa, an juya shi gabas, shi kuwa yana ta tuƙarsa. Ba mai fiton da zai yarda ya shiga ruwa, kuma ko mun shiga da gorunanmu kafin mu kai an gama. Baba ya jera mu a gaɓa, ya ɗaga sanda. Muka yi abin da muka saba, kowane bugu kalma ɗaya, yadda aka ba da saƙon. Abin da mutanen ƙetare suka ji daga bakin ƙarti masu lafiyar murya shi ne: “Kada! A! Yanka! Alƙali!”

Su kuwa suka ɗauka kadan muke faɗa, a yi maza a yanka Alƙali. Na ga Ɗanladi ya ɗaga mana hannu alamar sun ji, an gode. Na ga mahauci ya durƙusa ya kama maƙogwaro. Na ji kamar ni aka kayar.

Baba Nomau, mutumin da tun da ya fara sana'a bai taɓa canja wa saƙo ko tsaki ba, ya juyo ya dube mu. Ya ce, “Ku aje wancan. Ku hwaɗi abin da ni ce.” Ya raɗa wa na kusa da shi, maganar ta bi layi kamar yadda tuwo ke bi a shekarar yunwa, kafin ya sake ɗaga sanda ta iso kaina a ƙarshe. Kuma muna da numfashin faɗarta, don da hira muka zo.

“Malam! Jatau! Na da! Rai! Shina! Gaida! Alƙali!”

Mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu. Muka sake. A karo na uku na ji wata murya kamar ta ɗan akuya a wajen ƙafata, ashe Barewa ne ya rarrafo ya shiga layi. Can ƙetare wasu mata da suka ji mamaci na gaisuwa suka zubar da ƙwarya suka nufi gari. Ɗanladi ya tsaya ya daɗe yana kallonmu, sannan ya sunkuya ya kwance igiyar da hannunsa. Alƙali bai tashi nan da nan ba, sai da ya gama tuƙar da ya fara. Ni kam zama na yi a cikin laka na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Kanawan nan har suka bar Bungudu suna rantsuwa sun ga kadan da idonsu, wani ma ya ce ya taka bayansa.

Da hanya ta yi dama Malam Jatau ya dawo gida, aka fito tarbarsa, ya ratsa 'ya'yansa ya wuce turke. Ya shafa wuyan san ya ji inda wuƙa ta aske gashi. Ranar a turken ya ci tuwonsa.

Da bazara ta kewayo muka sauka gulbi da safe, sai muka tarar da mutum a tsaye da kabido a kai. Ba wanda ya ƙara kiransa Barewa, sunansa ya koma Kada har ya mutu. Baba bai yi masa gori ba, abin da ya yi ya fi gori, ya haɗa shi da ni. Kwanakin farko kamar zai yi hauka, yana gudu yana jirana a lokaci guda. Da ya saba kuwa sai ga shi mutumin nan surutu ne da shi kamar ya haɗiyi kanari, a da saurinsa ne ya hana a sani. Shekaru muka yi kafaɗa da kafaɗa, na san sunan kakarsa da na awakinta, kuma ban yi aboki irinsa ba.

Bayan wasu shekaru Malam Jatau ya sake zuwa Tsafe, ya sake kwantawa a ɗakin nan na Tumba. Wannan karon an jira, an yayyafa ruwa, an kira sunan Alƙali a kunnensa, bai motsa ba. Ni da Kada muka kai zangon ƙarshe. Muka sami Ɗanladi a ƙofar gida, shi ma ya fara furfura, Kada ya yi sallama ya faɗi saƙon daga farko har ƙarshe, numfashinsa daidai, kalma ba ta faɗi ba.

Ɗanladi ya dube shi ya ce, “Ka tabbata ba ka bar komi a hanya ba?”

Kada ya ce, “Ban bari ba. Wanga karon babu kada.”

Aka shimfiɗa tabarmi, masu ta'aziyya suka fara zuwa, ba wanda ya ambaci wuƙa. Washegari da la'asar za mu koma, muka sauko mashigi, sai muka tarar da Ɗanladi da ƙannensa uku a zaune a gaɓa, Alƙali na kwance a gefensu ba igiya. Muka rungumi gorunanmu muka ƙetare, da na waiwaya suna nan suna kallon hanyar Gusau, ko wani zai ɓullo a guje.